Hancin Sunsunau

A cibiyar binciken da yake aiki, in ka tambayi sunansa na yanka sai an yi jim ana tunani. Sunsunau kowa ya sani, daga mai gadi har shugabar sashe, kuma shi kansa ya daɗe da daina nuna jin haushi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum cikin farar rigar aiki wadda asid ya yi wa ƙananan huji a gaba. Aikinsa haɗa sinadarai, irin waɗanda ake tatsowa daga tsirrai da man fetur. A dafa, a tace, a sake dafawa, ko Allah zai sa a dace da wani abu da zai zama magani. Galibi ba ya zama komai sai baƙin danƙo a gindin kwalba, amma wannan bai taɓa hana shi sammako ba.

Sunan kuwa daga wata ɗabi'a ya samo shi. Duk mai wannan aiki, tun ranar farko ake ja masa kunne kada ya kuskura ya kafa hanci a bakin kwalba. Sai dai ya riƙe ta nesa kaɗan, ya fifito iskar da tafin hannu zuwa fuskarsa. Kowa ya koya, kowa yana yi a wurin aiki ya baro abin a can. Shi Sunsunau sai ya taho da shi gida. Shayi ya fifita, miya ya fifita, sabon takalmi ya fifita. Matarsa har yau tana ba da labarin ranar da ya fara zuwa gaishe da iyayenta, aka kawo masa ruwa, ya fifita kofin kafin ya sha. Bayan ya tafi mahaifinta ya kira ta gefe ya ce, "Wannan yaron, lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Hancin dai ya ci sunansa. Tun daga ƙofar baranda yakan tsaya ya ce wane ya bar kwalba kaza a buɗe, a je a duba a tarar haka ne. Yana alfahari da abin fiye da yadda yake yi da takardun shaidarsa, kuma ba ya ɓoyewa.

Cikin 'ya'yansa, mazan ba su ɗauko komai ba sai gajartar. Auta ce ta ɗauko hancin. Tana ƙarama yakan zaunar da ita a kan teburin kicin, ya ce ta rufe ido, ya dinga wucewa da abubuwa ta gaban fuskarta: ɓawon lemo, kanumfari, sabulu, ashanar da aka kashe yanzu. Dokar wasan ɗaya ce. Ba a cewa "daɗi", ba a cewa "wari".

"Daɗi ba amsa ba ce," in ji shi. "Faɗa min abin da ya fara zuwa, da abin da ya biyo baya, da abin da ya ƙi tafiya."

Auta ta girma ta zama likita a sashen gaggawa na babban asibitin da ke tsallaken titi da cibiyar. A shekararta ta farko aka kawo wani manomi ranga-ranga, yawu na dalala, ba mai iya cewa ga abin da ya same shi. Ta sunkuya kansa ta ji warin tafarnuwa a numfashinsa, nan take ta gane maganin ƙwari ne ya shige shi. Mutumin ya tashi. Da yamma ta kira mahaifinta ta ce wasan kicin ya ceci rai yau. Ta kuma gaya masa damuwarta: irin waɗannan manoman sukan fito daga nesa, da yawa kafin su iso lokaci ya ƙure. Daga wannan hirar Sunsunau ya sami aikin da ya cinye sauran shekarunsa, neman makarin gubar da za a iya ajiyewa a ƙaramin asibitin ƙauye ba tare da zafi ya lalata shi ba.

To, yana tsakiyar wannan aiki hancin ya fara janye jiki. Bai tafi rana ɗaya ba. Da farko shayi ne ya zama ruwan zafi mai launi. Daga baya aka yi ruwan sama, kowa na cewa ƙasa ta yi ƙamshi, shi ya ji shiru. Sai turaren matarsa, wanda a da yakan gaya masa ta shigo ɗaki tun kafin ya ɗago kai. Ranar da ya tabbatar, wata kwalba ya buɗe mai warin ruɓaɓɓen kifi, wadda ko ɗalibai ke gudun ɗauka. Ya fifita, ya sake fifitawa. Ya karya dokar farko ya kai hanci bakinta, idanunsa suka yi yaji, amma warin bai zo ba. Ya rufe kwalbar ya zauna a kan kujera, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya san abin da zai biyo baya in aka gane. A ɗakin gwaji hanci ne mai gadin farko, shi ke fara sanar da mutum cewa wani abu ya zube ko yana yoyo. Wanda ba ya jin wari ba a barinsa shi kaɗai da kwalabe, kuma Sunsunau da bakinsa ya sha faɗa wa ɗalibai haka. Ga aikin makarin ya fara nuna alamar haske. Saboda haka ya yi shiru, ya ci gaba da fifita kwalabe yana gyaɗa kai kamar da. Wauta ce, babu ko tantama. Amma duk wanda ya taɓa riƙe abu guda da aka san shi da shi zai gane irin wannan wautar.

Asirin ya tonu wata rana da hantsi. A ɗakin gwajinsa akwai wani akwatin gilashi da ake aikin sinadarai masu tururi a ciki, da fanka a sama mai zuƙe tururin ta fitar da shi waje. Ranar belin fankar ya tsinke, injin kuwa ya ci gaba da ƙugi yadda ya saba, kunne ba zai ce an yi komai ba. Abokin aikinsa, wani mai yawan raha da ake kira Dogo, ya tafi taro a saman bene. Sunsunau ya ɗora tukunyar gilashi cike da kulorofom, wani sinadari mai sumar da mutum, yana ƙafar da shi a hankali. Tururin ya rasa hanya ya gangaro cikin ɗakin. Da kansa ya fara sarawa, sai ya ce ai bai karya ba ne. Da ƙafafunsa suka yi nauyi, sai ya ce bari ya ɗan zauna.

Da Dogo ya dawo ya buɗe ƙofa, sai ya ja da baya yana tari. Ya hango shi zaune a ƙasa ya jingina da kabad, ido a lumshe. Ya ja numfashi a waje, ya shiga ya jawo shi ta hammata har baranda, yana kwarara ihun a kawo keken marasa lafiya.

A sashen gaggawa Auta ce ke kan aiki. Tana da tsohon ciki a lokacin, kuma cikin ya ƙara wa hancinta kaifi har tana korar masu cin albasa daga ofis. Tun kafin ta ga fuskar mai kwance ta ji zaƙi-zaƙin kulorofom a rigarsa. Da ta ga ko wane ne, ta tsaya cak na ɗan lokaci, sannan hannuwanta suka kama aiki da kansu. Ta sa aka cire masa rigar, aka ɗora masa iskar oksijin, aka manna masa wayoyin duba bugun zuciya, aka ɗebi jini don a ga halin da hantarsa ke ciki. Ba ta ce masa Baba ba sai da ya buɗe ido ya gane inda yake.

Can da azahar, da aka tabbatar ya tsallake, ta ja labulen gadon ta zauna a gefensa.

"Baba, Dogo ya ce tun daga bakin ƙofa abin ya buge shi. Kai yaya aka yi ka zauna a ciki?"

"Aiki ne ya ɗauke min hankali."

"Kai?" ta ce. "Kai da kake jin an kunna ashana a gidan maƙwabta?"

Ta buɗe jakarta ta ɗauko lemon da ta zo da shi, ta ɓare a bayanta inda ba zai gani ba.

"Rufe ido."

"Haba Auta, a asibiti muke."

"A nan ni ce likita. Rufe ido, Baba."

Ya rufe. Ta matse ɓawon a gaban hancinsa har ruwansa ya yi feshi. Hannunsa ya ɗago daga kan bargo ya fifita, sau ɗaya, sau biyu. Ya shiga lissafin abin da likita za ta iya samu a kusa da ita.

"Sabulun wanke hannu," ya ce.

Da ya buɗe ido ya ga lemon, ya ga fuskarta, sai ya juya kai wajen bango. Auta ba ta yi kuka ba, amma ta daɗe tana kallon ɓawon da ke hannunta.

Ana haka matarsa ta shigo, mayafi a karkace saboda sauri. Ta dubi lemon, ta dubi su biyun, ta sauke ajiyar zuciya.

"To, alhamdu lillahi, an huta," ta ce. "Ni na gaji da riƙe maka."

"Kin sani?"

"Tun ranar da shinkafa ta kama min har ƙasan tukunya ya yi baƙi, kana zaune a falo kana karatu ba ka ce uffan ba. Mutumin da ya fi shekara talatin yana leƙo min kicin yana cewa albasa ta kusa ƙonewa! Na canza turare sau uku, ina jira ka tanka. Na yi shiru ne don na ga kana jin kunya. Da na san za ka je ka zauna cikin guba, wallahi da ni zan fara kai ƙararka."

Auta ta ce, "Baba, ko ka gaya wa shugabarku da bakinka, ko ni in gaya mata. Ba zan sake karɓarka a kan keken nan ba."

Shi ya faɗa, mako na zagayowa. Shugabar ta saurare shi har ƙarshe, ba ta yi faɗa ba, wanda hakan ya fi masa ciwo. Ba a kore shi ba, ba a kuma karɓe aikin makarin daga hannunsa ba. An dai sa na'ura mai ƙara a bango, an kuma ce daga yau ba zai taɓa kwalba ba sai Dogo na tsaye. Likitan hanci ya duba shi ya ce shekarun shaƙar tururi ne, wataƙila kaɗan ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba. Bai dawo ba.

Aikin ya ci gaba, a hankali fiye da da, Sunsunau na tsarawa, Dogo na zubawa yana tsokanarsa cewa shi Dogo ya zama masa hancin haya. Sunsunau yakan yi dariya don kada a ce bai yi ba. Amma ya daina fifita. A gida a kawo shayi ya ɗauka ya sha kamar kowa. Matarsa da ta kwashe shekaru tana yi masa tsiya a kan hannun nan, yanzu sai ta ajiye kofi ta tsaya tana jira, in bai yi ba ta koma kicin ranta a jagule. 'Yan cibiya ma suka fara jin nauyin kiransa da sunan, wasu suka koma ce masa Malam, shi kuwa wannan ladabin ya fi zagi zafi a wurinsa.

Auta ta haihu lafiya, mace. Washegari da hantsi suka je asibiti, aka naɗo jaririyar a farin tawul aka ɗora masa a hannu. Ya ƙura mata ido, ga gashi kwance luf a kanta, ga ɗan baki na motsi. Bai san lokacin da hannunsa na dama ya zame daga ƙarƙashin tawul ɗin ba, ya tashi sama da kan yarinyar, ya fifito iskar zuwa fuskarsa.

Kowa a ɗakin ya zuba masa ido. Shi ma ya farga, hannun ya tsaya a sama. Ya tuna ya yi wa duk 'ya'yansa haka ranar da aka haife su, kuma a duk abin da ya taɓa shaƙa a duniya babu wanda ya kai ƙamshin kan jariri. Ya yi kamar zai miƙa wa matarsa jaririyar, sai ya fasa, ya matsa kusa da gadon.

"Auta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Faɗa min."

Ta yunƙura ta zauna, ta sunkuyo da kanta, ta rufe ido kamar tana kan teburin kicin.

"Nono ne ya fara zuwa," ta ce. "Sai sabulun da aka wanke tawul ɗin. Sai ɗumi, irin na burodin da aka fito da shi yanzu."

"Wanda ya ƙi tafiya fa?"

Ta sake shaƙa, ta daɗe. Hawaye suka gangaro mata.

"Ban san sunansa ba, Baba."

"Ba shi da suna," ya ce. "Na neme shi a duk kwalaben da ke ɗakina ban samu ba. Haka kanki yake ranar da aka haife ki."

Ya gyara wa jaririyar tawul, ya sake fifitawa a hankali, wannan karon da saninsa.