Ratar da Ɗankure Ya Toshe

Shekara ashirin Ɗankure yana sana'ar su a gulbin Argungu, kafin farin da aka yi zamanin Jihar Sakkwato ya janye ruwa, kifi ya yi ɓatan dabo. Da furfura a gemu da 'ya'ya shida a gida, bawan Allah nan ya zo Birnin Kebbi koyon kanikanci wurin Malami, wani tsamurmurin bakanike mai saurin fushi. Shekara biyu yana wanke noti a kananzir. Abin tausayi, wallahi.

Ranar da aka kawo akori-kurar wani mai albasa daga Augie, Malami ya nuna wa Ɗankure injinta a warwatse.

"Haɗa shi kai ɗai. In ta kai Argungu ta dawo, kana da wuri garejin ga. In ko ba ta kai ba, ni na gaji."

Ɗankure ya san gwajin mital, ɓawon ƙarfen nan da karanshaf, sandar cikin inji, ke juyawa a cikinsa. A sa siririyar takardar sigari, a ɗaure, a juya da hannu. In ya cije, ratar da ke tsakaninsu ta yi daidai, sai a cire takardar. Ya gani ya fi sau ɗari, amma Malami bai taɓa faɗin dalili ba, shi koyarwarsa tsawa ce.

Ya sa takarda, ya cije. Ya cire, karanshaf ya juya sakayau. Wanda ya girma a jirgin ruwa ya san rata: ko ka toshe ta, ko ka nutse. Ya ɗaure, ya kwance, ya sake ɗaurewa, zufa na ɗiga kan ƙarfe. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki, tsoro ya hana shi tambaya. Kai, tsoro mugun abu ne! Ƙarshe ya ninka takarda ya cusa bayan kowane mital, ya ɗaure tam, har sai ya yi nishi kafin karanshaf ya motsa. Sannan hankalinsa ya kwanta.

Washegari da hantsi aka tura mota ta tashi. Malami na tuƙi, Ɗankure a gefe yana ta salati a zuci. Daf da Ambursa ƙauri ya taso, injin ya yi gurnani, ya tsaya cik.

Nan bakin fadamar shinkafa Malami ya shiga ƙarƙashi ya kwance. Ya fito da mital baƙi ƙirin, da guntun takarda ƙonanne.

"Mi kac cusa nan?"

"Maigida, rata nig gani. Na ji tsoron yoyo."

"Ta nan man inji ka bi, bawan Allah! Ka toshe mishi hanya, ka kashe injin mutane."

Ɗankure ya durƙusa a kwalta. "Don Allah, maigida, ɗiyana..."

Malami bai yi tsawa ba, shi ne abin da ya fi ciwo. Ya goge hannu, ya tare motar haya mai zuwa Argungu, ya buɗe masa ƙofa da kansa.

"Ka gai da gida."