Zabin Inna da Ba a Ƙirgawa

Shekarun baya, lokacin ƙafafuna na jin maganata, ɗiyar ƙanwata ta dawo Yankara hutu daga jami'a, fuska kamar an aiko mata da sammaci. Ilmin halittu take karantawa. Ta zaɓe shi ne don ta guje wa lissafi, ashe lissafin ya riga ta zuwa, har ya shimfiɗa tabarma.

Sashensu ya yi musu gwaji don a ga iya lissafinsu, ita kuwa ba ta ci ba. An ce bayan hutu za a sake ba su dama ɗaya, wanda ya kuma faɗi zai maimaita shekara. Ita kuwa ta rantse in haka ta faru ta bar karatun ke nan.

"Kawu, wai kifin da ke cikin tafki za ka faɗi yawansu, kuma ba ka kwashe ruwan ba. An kama wasu an yi musu alama an saki, an sake kamawa. Ni daga nan kaina ke ɗaukar zafi."

Ni da lissafi tun firamare muka yi hannun riga, amma kawu ba ya cewa bai sani ba. Na gyara hula na ce, "Abu mai sauƙi! Fara da abin da ke gabanki. Tashi ki ƙirgo zabin Inna."

Inna, mahaifiyata, na bakin murhu. Wallahi muciyar da ta ɗaga sai da ta tare rana.

"A ƙirga mi? Kai da girmanka! Ba a ƙirga mini dabba, albarka ke fita. Wanda ya ba ni su ya san yawansu."

A gidanmu wannan ba wasa ba ne. Ko mu 'ya'yanta, in baƙo ya tambayi yawanmu, "Alhamdu lillahi" kawai take cewa.

Yarinyar ta tsaya tana kallon zabin suna watsuwa bayan rumbu. Can ta ce, "Kaka, in ban ƙirga su duka ba fa? In kama kaɗan kawai, in ɗaura musu ƙyalle a ƙafa in sake su?"

Inna ta harare ta. "Kaɗan ɗin za su hana ki barin makaranta?"

"Ina jin haka."

Tsohuwa ta shiga ɗaki, ta fito da wani jan zanenta da ta daɗe tana ɓoyo, ta sa haƙori ta yage bakinsa. "Ungo, ƙawata. Amma bakinki kada ya faɗi jimla a gidan nan."

Aikin kamu aka ba ni. Jama'a, duk wanda ya ce zabo tsuntsu ne bai taɓa bin sa ba. Na watsa dawa, na kafa kwando, na laɓe. Na yi tsalle ɗaya na sauka cikin tokar murhu, na tashi fari fat, har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Inna na dariya tana share hawaye, tana cewa, "Haka ubanka ma yake, ƙarfi ba dabara." Da ƙyar muka sami na ɗaurawa.

Muka bar su suka gauraye da 'yan uwansu. Da muka sake kamawa ranar kasuwa, yarinyar ta tsuguna tana duba ƙafafu: wannan da ja, wannan babu, wannan babu. Sai na ga hannunta ya tsaya.

"Kawu! In cikin kowane huɗu da muka kama ɗaya ne mai ƙyalle, ashe waɗanda na ɗaura wa kashi ɗaya ne cikin huɗu na garken duka. In ninka su sau huɗu kawai!"

Na ce, "Abin da nake ta faɗa miki ke nan." Ba wanda ya kula ni.

Ta zana lissafin a ƙasa da tsinke. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta kalli kakarta, sai ta sa tafin hannu ta shafe.

Bayan hutu ta kira waya tana ihu, ta ci. Inna ta karɓi wayar ta ce, "To, ki gaida kifayen."

Yau yarinyar ita ke koyar da wasu, kuma na ji da labarin zabi take fara darasin. Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tsohuwar ba ta taɓa yarda ƙirga na da kyau ba, amma ta yaga zanenta don jikarta.

Kwanaki na ce da ɗiyar, "Yanzu dai faɗa mini, zabin nan nawa ne?"

Ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Kawu."