Ɗigon da ke cikin kular zoɓo

Ƙafafun Baba ne suka kai ni karatun jijiya. Ƙarfinsa duk a wata masana'antar jima ta Challawa ya ƙare, tsamo-tsamo cikin ruwan sinadari. Wata rana silifas ya fice masa a hanyar Panshekara bai ji ba, sai da ya iso gida muka nuna masa. Likita ya ce rigar jijiyoyinsa ce ke zaizayewa. Mayalin ake ce mata, tana naɗe jijiya kamar robar wayar lantarki.

Ni kuwa da taurin kaina na rantse sai na gano ko ruwan nan ne ya ci shi. Na shayar da ɓerayen gwaji irinsa, na yanka jijiyoyinsu siri-siri na jera a gilashi. Abu ɗaya ya rage, antibodi, sinadarin da ke manne wa furotin ɗin mayalin a rina shi, a ga inda rigar ta yage. Malamina ya yi odarsa daga ƙasar waje, muka yi ta jira har na fitar da rai. Da ya iso, kwalbar ba ta kai ƙaramin yatsana ba, ruwan ciki bai fi ɗigon hawaye ba. Zafi na taɓa shi ya tashi aiki.

Ranar kuwa aka ɗauke wuta, janaretan ɗakin gwaji ya ce bai san zancen ba. Hankalina ya tashi. Sai na tuna Umma, mai sayar wa ma'aikata zoɓo a bakin masana'antar, kularta ba ta rabo da ƙanƙara. Na naɗe kwalbar a leda na garzaya gida.

"Me kike lallaɓawa haka kamar ƙwai?" in ji Umma.

"Na aikin jijiya ne, daga waje aka kawo. Don Allah ku ajiye min, kada a taɓa."

"Jijiya irin ta Babanki?"

"Irinta," na ce, ƙafata ɗaya a waje, zan tafi Sharada neman mai gyaran janareta.

Bayan la'asar na dawo, na tarar da kwalbar a kan kula, a buɗe, wanke tas. Umma ba ta ɓoye min ba. Ta ɗauraye ta a kofin ruwa yadda ake wanke allo, ta yi bisimilla ta ba Baba ya shanye.

"Kullum sai ki ce sai an gama bincike," ta ce. "Ɓeraye za ki ba magani, mahaifinki yana kwance?"

Na zube a ƙasa. Aikina kaf ya bi ruwa, ban kuma san ranar da za a sake samo wani ba. Na buɗe baki zan ce mata wannan ba magani ba ne, ba ya warkar da kowa, sai Baba ya kira ni daga ɗaki.

Yana zaune ya miƙe ƙafafu, ya ƙura wa babban yatsansa ido. Rabon da in ga fara'a haka a fuskarsa har na manta.

"Duba min, 'yar nan. Kamar ya motsa, ko?"

Na durƙusa na duba. Bai motsa ba.

"Kamar haka ne, Baba," na ce.

Ya dafa kaina. "Allah ya yi miki albarka. Yaushe za a kawo na biyu?"