Ƙofar Da Ta Ƙi Keken Inna Dela

Duk wanda ya taɓa shan shayi da Injiniya Musaddiq a unguwar Hindawiyya ta Jidda ya san birnin Bratislava, ko yana so ko ba ya so. Can ya yi karatu yana saurayi, zamanin kwaminisanci, yana zaune a irin dogon benen da suke kira panelak: a masana'anta ake zuba bangon, a kawo a mota, a jingina wannan da wancan. Yakan ce in mutum ya yi atishawa a hawa na bakwai, na hawa na uku ne ke neman hankici.

Sana'ar ce ta kawo shi Jidda. Yakan wuni yana zuba wa mutane bango, da yamma ya koma tsohon gidan haya mai fili, inda surukarsa Inna Dela ke kewayawa a keken guragu kamar mai sintiri.

Sai aka rushe unguwar. Gidan da suka samu irin wancan zubin na panelak ne sak. Ranar tarewa, keken Inna ya ƙi shiga ƙofar bayi.

"Abu Lubna, kai ne injiniya," in ji matarsa Zakiyya, don haka take kiransa. "Yalla, maza fasa mana gefen nan."

Ya ƙwanƙwasa bangon, ya saurara. "Wannan shi ke ɗauke da na sama. In na taɓa shi, maƙwabta za su sauko cin abinci ba ta matakala ba."

"To ɗan taki ɗaya fa?"

"Ko rabin taki."

Zakiyya ta gwada ɗaukar uwarta, bayanta ya riƙe. Musaddiq ya naɗe hannun riga. Mutumin da tun aurensu bai taɓa cin abinci a gaban Inna ba, ya tsaya bakin ɗaki, kai a ƙasa.

"Inna, in kin yarda…"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Zakiyya, gaya wa mijinki mai ɗauka ta sai ranar makara."

Aka nemi mai aiki, ba a samu mai ƙarfin ba. Aka nemi wani gidan, kowa na nema.

Ran Asabar Bilal, ɗan Inna, ya zo daga Makka da mota don ya tafi da ita gidansa. Zakiyya ta ƙi fitowa daga ɗaki. Musaddiq ya naɗe keken ya sa a but, ya daɗe yana gyara masa zama.

Inna ta sauke gilashi, tana kallon wani wajen. "Halas, shi ke nan, Injiniya. Je ka rarrashe ta."