Goyo a Bakin Ruwa

Ranar da maigidana ya samu hutu daga tuƙi, ya ce mu fita daga ɗakinmu na Madinat Khalifa mu sha iska. Abokin aikinsa ne ya ba shi labarin wani wuri arewa da Doha, inda ruwan teku yake kutsowa tsakanin itatuwa, ana ba da hayar ƙananan jiragen roba mutum ya tuƙa da kansa. Ban so ba, amma na bi shi.

Muna isa na goya 'yarmu, wadda ba ta daɗe da cika shekara biyu ba. Na ɗaure zane, na ƙara majanyi, na ja har sai da ta yi ƙorafi. Mai kula da jiragen ya miƙo wata 'yar riga mai ruwan lemo, irin wadda ke hana nutsewa, yana nuna bayana yana girgiza kai.

"Ya ce ki sauke ta," in ji maigida.

"Malam, ka gaya masa a bayana ta fi zama lafiya."

"Hajiya, ruwan nan ko ƙuguna bai kai ba. Yalla, yi sauri, mutane na jira."

"Ƙugunka ka auna, ba nata ba."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ina tsaye a cikin laka riƙe da ƙullin majanyi, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A ƙauyenmu, can ƙasar Yawuri, akwai rafin da ke gangarowa tsakanin duwatsu. Da rani da ƙafa muke tsallake shi. Da damina kuwa sai ya yi fari fat da kumfa, yana ruri, ba ka jin maganar na kusa da kai. Kawu, wan mahaifiyata, shi ke fiton mutane a kwalekwale ranar kasuwa. Ba ya yanke ruwan kai tsaye. Sai ya haura sama ta jikin gaɓa, sannan ya saki jirgin ya zo a karkace, shi yana durƙushe, yana caka filafili, yana laɓewa bayan kowane dutse inda ruwa ke ɗan lafawa. Dokarsa ɗaya ce: mace ba ta shiga jirginsa da goyo.

Ina ƙarama na ga Inna ta yi masa gardama, ƙanena yana bayanta.

"Yaya, in na kwance shi ruwa ya fizge mini shi fa?"

Kawu bai ko ɗago ba, yana kwashe ruwa da ƙwarya. "In jirgi ya kife, ke za ki ɗaga fuska ki nemi iska, shi yana ƙarƙashinki. Ni kuma ta ina zan kamo shi, kin ƙulle shi kamar kayan kasuwa?"

Inna ta kwance, ta ɗora shi a cinya. A tsakiyar rafin jirgin ya daki dutse, ya juya da mu, ruwa ya jiƙa mu sharkaf, amma bai kife ba, muka fita lafiya. A lokacin na ɗauka tsabar faɗa ne irin na Kawu. Sai a ƙasar Larabawa, gaban ruwan da ko motsi ba ya yi, na gane cewa ƙullin nan hankalina yake kwantarwa. Ita yarinyar, ba abin da zai yi mata in ruwa ya zo.

Na sunkuya na kwance majanyi da hannuna. Iska ta bugi bayana inda zufarmu ta haɗu, na ji sanyi har cikin ƙashi. Muka sa mata rigar, maigida ya ɗaure maɓallan.

"Zo nan, Mamana," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

A gabana ta zauna. Akwai wani madauri a bayan wuyan rigar, na zura yatsu biyu a ciki, ban cire ba har muka dawo. Maigida na tuƙi a karkace yana cusa mu cikin rassa, ita kuwa ta tsoma hannu a ruwa, ta lasa, ta yatsine fuska, ta sake tsomawa.