Goyon da ba ya numfashi

Tana tsaye a inuwar wata motar hatsi mai jiran tsallakawa Maraɗi, siririya cikin hijabi ruwan toka, kular alluran rigakafi a hannu, goyo a baya. Idanunta ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ko salansar babur ta yi ƙara sai ta zabura.

Can sai goyon ya yi kuka, amma irin na waya. Ta hau jijjiga shi tana bubbugawa kamar mai rarrashin jariri. A nan na lura ba shi da ƙafafu.

Wata tsohuwa mai sayar da fura ta matso. "Ɗiyata, mi kika goya haka?"

"Kwamfutar aiki ce, Inna," ta ce ƙasa-ƙasa. "Da ita muke tura bayanan yaran da muka yi wa allura. In mutanen daji suka gan ni da ita, cewa za su yi infoma ce."

Yadda ta waiwaya bayan ta faɗi haka, ina jin ta taɓa ganin abin da suke yi wa infoma.

Ɗan kabu-kabu ya tsaya, ta gyara ɗaurin zanenta ta hau.

"Riƙe yaron da kyau, Hajiya," in ji shi. "Hanyar babu kyau."

"Na sani," ta ce.