Madobiyar da Maigidana Ya Ture

Me ya kashe maigidana, bishiya ce ko ciwon ƙirji? Na tsufa da tambayar nan, ban sami mai ba ni amsa ba.

Direban katafila ne. Zamanin farar hula, da ake sare daji ana fitar da titunan Abuja, kamfaninsu ya kawo mu muka zauna a ɗakin kwano kusa da wurin aiki. Wata Laraba aka sa shi ture wata tsohuwar madobiya da ke tsakiyar inda titi zai bi. Tsofaffin Gwarawan ƙauyen sun ce akwai masu zama a cikinta. Ya roƙi oga a kauce mata, oga ya ce takardar zanen titin ba ta nuna kwana a nan ba.

Ya dawo da la'asar, rigarsa duk ja. Na ɗora hannu a ka.

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, uwar yara. Madobiya ce, haka ruwanta yake. Ke da kika taso a ƙauye?"

Na sani kuwa. Na kuma san ya daɗe yana tari, tun kafin ranar. Amma bai ga ƙarshen daminar shekarar ba.

Bara ina layin injin niƙa a Jikwoyi na ji wata mata tana ba da labarin bishiyar da ta zubar da jini. Wai wani direba mara kunya, an gargaɗe shi sau uku yana dariya, ya bushe a kan kujerarsa nan take.

Na ce, "'Yar nan, ba haka aka yi ba. Mijina ne."

Ta ce, "Haba Iya, wannan tun zamanin kakanni ne fa! Matso da dawarki gaba."

Aka yi dariya. Da aka niƙa mini, na ɗauki garina na tafi ina share hawaye da gefen mayafi. Abokan aikinsa sun ƙare, wurin ma yanzu kwalta ce, ko an kai ni ba zan gane ba. Dariyar da suka laƙaba masa ita ke cina. Ni kaɗai na rage wadda ta ji bakinsa, kuma ba mai saurarona.

Ranar da zai cika, bayan azahar, ya riƙe yatsuna ya ce, "In an tambaye ki, ki ce sai da na sauko na yi wa masu zama a cikin bishiyar sallama, na ce su yi haƙuri, aiko ni aka yi."